Sojan da Bai Kai Fagen Fama Ba

A daren 4 ga Afrilu, 1944, saura wata biyu sojojin ƙawance su tsallaka teku su afka wa Jamusawa a gaɓar Normandi, wani jirgin yaƙi ƙirar Stirling ya tashi daga sansanin Keevil da ke kudancin Ingila yana jan wani jirgin da igiya. Na bayan ba shi da inji ko ɗaya. Gilaida ce ƙirar Horsa, ta katako, maƙare da sojojin bataliya ta 7 ta rundunar King's Own Scottish Borderers, wadda tushenta ke kudancin Sikotland. Rawar daji ce kawai aka fita, an raɗa mata suna Dreme. Babu Bajamushe a ƙasa, babu mai harbo su. Gajimare ne ya sauko har ya lulluɓe tuddai, jirgin gaba ya daki itace. Gilaidar ta faɗi a Warnford Park cikin gundumar Hampshire, ba wanda ya fita da rai. Jirgin da ke janta ya ɗan ƙara gaba da rauninsa, sannan shi ma ya faɗi kusa da garin Romsey, mutum shidan da ke cikinsa suka rasu. Sama da rai 30 ke nan a dare guda, alhali ba a ko fara yaƙin da ake shirya su dominsa ba.

Kowannensu akwai garin da ya fito da gidan da ake jiran wasiƙarsa. A Birtaniya da wuya ka shiga ƙauye ba ka tarar da dutsen da aka sassaƙa sunayen 'ya'yan garin da yaƙi ya ci ba, ko a bakin coci ko a mararraba. Cikin irin waɗannan sunaye akwai na wanda ya mutu irin mutuwar mutanen Warnford: soja ne, sanye da kaki, a tsakiyar yaƙi, amma ajalinsa ya same shi a gonar wani Bature ɗan ƙasarsu. Duk Lahadi ta biyu ta watan Nuwamba akan taru a gaban dutsen, a ajiye jan fure, a wasu garuruwan a karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, nasa na biye da na wanda ya faɗi a hamadar Masar ko a dajin Bama. A ganina ƙauyen da ke yin haka ya fi hukumar da ta ɗauki yaron aikin soja sanin abin da yaƙi yake ci. Sai dai kafin in kare wannan ra'ayi, ya kamata mai karatu ya san irin abin da aka ɗora yaran nan a kai.

Jamusawa ne suka fara nuna wa duniya aikin gilaida a yaƙi. Da asubahin 10 ga Mayu, 1940, sojojinsu da ba su kai 100 ba suka sauka shiru a kan rufin ganuwar Eben-Emael ta ƙasar Beljiyam, wurin da ake ganin ba ya ciyuwa, washegari masu tsaronta suka miƙa wuya. Wata guda bayan haka Firayim Minista Churchill ya ba da umarnin a kafa wa Birtaniya rundunar da za a riƙa saukewa daga sama. Sojan laima yana da tasa matsalar: iska kan warwatsa su, a ɓata lokaci ana neman juna cikin duhu, kuma ba ya iya sauka da abin da ya wuce bindigarsa da 'yan kayansa. Gilaida kuwa tana sauke tawaga guda a wuri guda, da hafsansu, wani lokaci har da mota jif da igwar fasa tankar yaƙi, ba tare da ƙarar inji ba. Ga ta da araha. Ƙarfen alminiyam na jiragen yaƙi ne, don haka da katako da gam aka yi Horsa, kuma masu yin kujeru da kabad ne suka ƙera yawancin sassanta, irin su kamfanin Harris Lebus na Landan. Faɗin fikafikanta ƙafa 88, tana ɗaukar soja kamar 25 ban da matuƙa biyu. Ta Amurkawa, wato Waco, ƙarama ce, bututun ƙarfe aka lulluɓe da zane, soja 13 take ɗauka. Sun ƙera kusan 14,000, har kamfanin Steinway mai yin piyano ya samu kwangilar yin sassanta.

Duk direban da ya taɓa zama a sitiyarin mataccen mota ana jan sa da igiya ya san cewa ransa na hannun na gaba, kuma idonsa ba ya barin bayan motar can ko na ƙiftawa ɗaya. To, a ɗaga wannan zama zuwa sama, a sa igiyar ta kai ƙafa 350, a kashe fitilu, a shigar da su cikin gajimare. Aikin matuƙin gilaida shi ne ya tsaya ɗan sama ko ɗan ƙasa da guguwar da farfelar jirgin gaba ke turowa. Da zarar ya daina ganin jirgin gaba, sai gilaidar ta fara karkata, ta yi sama ko ta yi gefe, igiyar ta tsinke ko ta fizgi wutsiyar mai jan. In kuwa an sake ta, saukarta sau ɗaya ce. Babu injin da zai ɗaga ta a zagayo a sake gwadawa. Sojojin da ke ciki suna zaune sahu biyu suna fuskantar juna, babu laimar tsira a jikin kowa. In an zo sauka sai su saƙala hannuwa, su ɗage ƙafafu daga daɓen, don katakon ƙasa na iya tsagewa. In akwai jif a ciki kuma sarƙarta ta kwance, kan matuƙa za ta yi. Su kansu sojojin akwatin gawa mai tashi suke ce mata.

Matuƙan ba hafsoshin sojan sama ba ne. Saje-saje ne na sojan ƙasa, 'yan rundunar matuƙa gilaida da aka kafa a 1942, waɗanda in sun sauke jirgi sai su ɗauki bindiga su shiga yaƙi kamar kowa. Fasinjojinsu ma akwai bambanci tsakaninsu da sojojin laima da aka fi yi wa kirari. Sojan laima shi ya miƙa kansa, ana kuma ba shi ƙarin albashi saboda hatsarin aikin. Sojan gilaida sau da yawa bataliyarsu aka ɗauka ɗungurungum aka ce daga yau ta sama za ku riƙa zuwa. A rundunar Amurka sai a watan Yulin 1944, bayan Normandi, aka fara ba sojan gilaida ƙarin kuɗin hatsari. Ita bataliya ta 7 da muke magana a kai, gadin tsibiran Orkney da Shetland take yi a can arewacin Sikotland kafin a ƙarshen 1943 a mai da ita ta gilaida. Wata biyar ko ƙasa da haka ke nan tsakanin wannan canji da daren Warnford.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kai hafsoshi tura yara sama da dare cikin irin wannan yanayi, alhali atisaye ne? Amsar tana tsibirin Sisili na Italiya. A daren 9 ga Yuli, 1943, gilaida kusan 140 suka tashi daga Tunisiya ɗauke da birged ta 1 ta sojojin gilaida, wato birged ɗin da bataliyar 'yan Sikotland ta shiga daga baya. Manufa ita ce a kama gadar Ponte Grande kusa da birnin Sirakusa. Matuƙan Birtaniya 'yan sa'o'i kaɗan suka yi suna koyon tuƙa Waco, tuƙin dare kuwa kusan babu. Kwamandansu, George Chatterton, ya nuna damuwarsa tun kafin a tashi, Janar Hopkinson da ke samansa bai saurara ba. Aka tashi cikin iska mai ƙarfi, masu jan su ba su saba da wutar igwa ba, da yawa suka saki igiya tun suna nesa da gaɓa. Kusan rabin gilaidar a teku suka faɗa. Mutum wajen 250 suka nitse, gilaida 12 kacal suka sauka inda aka nufa. Jamusawa da Italiyawa ba su sha wata wahala ba wajen kashe waɗannan. Ƙarancin horo ne ya kashe su.

Daga nan aka ɗauki darasi, kuma darasin mai ɗaci ne: dole a yi horo da dare, da cikakken lodi, da jirage da yawa a jere, ko da sararin bai yi kyau ba, domin ranar yaƙi ba a zaɓar yanayi. Amfaninsa ya fito fili da ƙarfe 12 da minti 16 na daren 6 ga Yuni, 1944, lokacin da Horsa ta farko cikin shida da ke ɗauke da mutanen Manjo John Howard ta tsaya 'yan taku kaɗan daga gadar mashigin ruwan Caen, wadda yanzu ake kira gadar Pegasus. Saje Jim Wallwork ne ya tuƙa ta. Biyu suka biyo bayanta a wurin, cikin 'yan mintoci aka kama gadar da 'yar'uwarta ta kogin Orne, mutum biyu suka rasu. Wannan sauka ta shiga littattafai da fina-finai, ana ta yabon gwanintar matuƙan. Gwanintar kuwa ba daga sama ta faɗo ba, maimaici ne dare da rana a filayen Ingila, har da sa baƙin tabarau da rana don ido ya saba da duhu. Tsarin horon da ya kai Wallwork bakin gadar nan shi ne tsarin da ya jefa mutanen Warnford kan itatuwan Hampshire. Ba a raba su.

Nan ne ginshiƙin maganata. Janar ɗin da ya sa hannu a fita rawar daji da gilaida cike da mutane cikin dare ya san cewa in aka yi ta yi, wata rana wata ba za ta dawo ba. Ya auna, ya ga asarar 30 a gida ta fi sauƙi a kan asarar 250 a teku, ya zaɓa. Ba na zarginsa da wannan zaɓi. Da ni ne a kujerarsa bayan abin da ya faru a Sisili, da wuya in yi dabam. Amma tunda da saninsa ya yi lissafin, to waɗanda lissafin ya faɗa kansu yaƙi ne ya ci su, kamar yadda ya ci wanda harsashi ya samu. Kuma ba 'yan kaɗan ba ne. Rundunar jiragen jefa bam ta Birtaniya ta rasa mutum 55,573 a yaƙin, sama da 8,000 daga cikinsu a horo da haɗurran da ba na fagen fama ba. Sojan saman Amurka ya rasa kusan 15,000 a haɗurran jirage cikin ƙasar Amurka kanta, nesa da fagen fama.

Duk da haka hukuma tana da matakan da take jera mutuwa a kai, kuma wanda ya mutu a atisaye a matakin ƙasa yake. Dubi lambobin yabo. Tauraron da Birtaniya ta ba waɗanda suka yi yaƙin Faransa da Jamus na wanda ya shiga fagen ne tsakanin 6 ga Yuni, 1944 da 8 ga Mayu, 1945. Wanda ya mutu a watan Afrilu yana shirin wannan yaƙi ba ya ciki. Lambar Purple Heart ta Amurka sai wanda abokin gaba ya raunata ko ya kashe. Sannan ga rufa-rufa. Makonni uku da 'yan kwanaki bayan Warnford, ranar 28 ga Afrilu, jiragen ruwan Jamus masu gudu suka faɗa wa ayarin Amurkawa da ke atisayen sauka a gaɓar Slapton Sands, aka rasa mutum 749. An hana waɗanda suka tsira buɗe baki. Wannan hani yana da hujja a lokacinsa, don da Jamusawa sun gane abin da ake gwadawa, da sirrin Normandi ya tonu. Abin da ba shi da hujja shi ne shirun da ya biyo bayan yaƙi. Ba a ce an hana faɗa ba, ba a dai damu a faɗa ba ne, har sai da wani mai masaukin baƙi a yankin, Ken Small, ya yi ta faɗi-tashi ya ciro tankar Sherman daga ƙarƙashin teku a 1984 ya kafa ta a bakin gaɓa. Shekara 40 cif. Labarin nasara yana da masu ba da shi da yawa. Labarin hatsari kuwa kowa so yake a wuce shi da sauri, don in aka tsaya a kansa sai an tambayi wa ya yi kuskure.

Ƙauye bai bi wannan jeri ba, kuma akwai dalili. Tun Yaƙin Duniya na Farko Birtaniya ta tsai da doka cewa sojan da ya mutu a ƙasar waje a can za a binne shi, ko ɗan sarki ne ko ɗan talaka, don kada masu kuɗi su kwaso nasu su bar na matalauta. Uwar da ɗanta ya faɗi a Italiya ko Bama wayar tangaraho kawai ta samu, sai wasiƙar hafsansa, wataƙila har ta mutu ba ta ga kabarin ba. Amma wanda ya mutu a cikin ƙasa, iyalinsa na da damar karɓar gawarsa su binne a maƙabartar garinsu. Ka ga abin mamaki: sojan da hukuma ta sa a matakin ƙarshe, shi ne sau da yawa kaɗai wanda ƙauyen ya ga akwatinsa, ya raka shi, ya san inda yake kwance. Shi ya sa kaburburan yaƙi suke warwatse a dubban maƙabartu cikin Birtaniya, ɗaya nan, biyu can, a bayan ƙananan coci-coci. Ga mutanen irin wannan gari, jana'izarsa ta tsaya a madadin ta duk sauran 'ya'yansu da ba a kawo ba.

Su kuma duwatsun tunawar nan ba gwamnati ta gina su ba. Bayan 1918 mutanen gari ne suka yi karo-karo, kwamitin gari ya zauna ya tsara sunayen da za a sassaƙa, bayan 1945 aka ƙara na yaƙi na biyu a ƙasa ko a gefe. Ba wata doka daga Landan da ta ce ga wanda zai shiga. Mutanen da suka san yaron tun yana rarrafe, suka san gonar da ya bari da uwar da ya bari, ba su ga dalilin tambayar ko harsashi ne ko itace ba. Abin da suka sani shi ne an kira shi ya tafi, bai dawo da ƙafarsa ba. (Masu bincike sun ƙirga ƙauyuka hamsin da 'yan kai a Ingila da Wales da duk mazajensu suka dawo daga yaƙin farko, a Sikotland ba a samu ko ɗaya ba.) A nan dole a yaba wa hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wadda Fabian Ware ya assasa a 1917, don ita ma ta bi hanyar ƙauye: duk sojan da ya mutu tsakanin 3 ga Satumba, 1939 da 31 ga Disamba, 1947 yana da haƙƙin dutse iri ɗaya da na janar, ko a fagen fama ya mutu, ko a hatsari, ko a gadon asibiti. An bar wa iyali gurbin haruffa 66 a ƙasan dutsen su rubuta abin da ke ransu. A 2007 da aka buɗe babban wurin tunawa da sojojin Birtaniya a Staffordshire domin waɗanda suka mutu a bakin aiki tun daga 1948, an sa har da na atisaye. Gwamnati ta iso inda ƙauye ya daɗe da tsayawa.

Akwai masu cewa in aka daidaita kowa, darajar jarumin gaske za ta ragu. Wanda ya tashi tsaye cikin ruwan harsashi ya ɗauko ɗan'uwansa ai ba ɗaya yake da wanda ke zaune a benci jirgi ya faɗi da shi ba. Gaskiya ne, kuma don haka aka yi lambar jarumta, a ba mai ita. Dutsen ƙauye ba rajistar jarumai ba ce, rajistar asara ce. A duba ma abin da ya sami sauran 'yan bataliyar. Wata biyar bayan Warnford, ranar 17 ga Satumba, 1944, aka sauke su da gilaida a yammacin Arnhem a ƙasar Holan. Sun shiga su sama da 700. Da aka janye a daren 25 ga wata, waɗanda suka tsallako kogin Rhine ba su kai 100 ba, sauran an kashe ko an kama su. Waɗanda suka mutu a can suna kwance a maƙabartar Oosterbeek, inda har yau duk Satumba 'yan makarantar Holan kan zo su ajiye fure a kan kowane kabari. Tsakanin wanda ke Oosterbeek da wanda ya mutu a Hampshire, me ya raba su? Bariki ɗaya, horo ɗaya, jirgi iri ɗaya. Sunan wani ya faɗo a takardar lodin wata gilaida a watan Afrilu, na wani bai faɗo ba.

Inda nake da ja da masu shirya bikin tunawa shi ne wurin da suke tsayawa. An fi son a ce ya ba da ransa domin ƙasarsa, a busa ƙaho, a yi shiru na minti biyu, a watse. Wannan magana tana da daɗin ji, tana kuma iya zama bargon da ake rufe sakaci da shi. Ba kowane hatsarin gilaida ne farashin da ba makawa sai an biya ba. Ranar 1 ga Agusta, 1943, a filin jirgin Lambert na birnin St. Louis a Amurka, dubban mutane na kallo fiffiken wata sabuwar Waco ya cire a sama, ta faɗo da mutum 10, ciki har da magajin garin, William Dee Becker. Bincike ya gano cewa wani ɗan ƙarfe da ke riƙe da tokarin fiffiken bai kai kaurin da aka ƙayyade ba, kuma kamfanin da ya yi shi a da akwatunan gawa yake ƙerawa. An bi diddigi da gaggawa, an gyara tsarin duba kaya. Ina zargin cewa da kurata goma ne a ciki ba magajin gari ba, da binciken bai yi wannan saurin ba. Ranar 12 ga Disamba, 1944, wata Horsa ta faɗi a Greenham Common yayin atisaye, ta kashe sojojin Amurka 31 da matuƙa biyu. Kwana huɗu bayan haka Jamusawa suka ɓarke da farmakin Ardennes, labarin ya nitse a cikinsa. A Double Hills kusa da ƙauyen Paulton, wata Horsa da ta tashi daga wannan Keevil ɗin za ta Arnhem ta tarwatse a sama, mutum 23 suka mutu; mutanen yankin ne suka matsa har aka kafa musu dutse a 1979. Wanda zai tuna da soja irin wannan, ya faɗi ranar, ya faɗi wurin, ya faɗi abin da ya karye ko wanda ya ba da umarni. Iyalinsa sun cancanci wannan bayani fiye da kirari, sojan da zai hau jirgi gobe ma ya cancance shi.

Wannan labari na Turawa ne, amma yaƙin bai bar mu a gefe ba, har ta fuskar gilaidar. Wata guda kafin Warnford, a daren 5 ga Maris, 1944, aka jawo gilaida ƙirar Waco daga Indiya, biyu-biyu a bayan kowane jirgin Dakota, aka tsallaka da su duwatsu zuwa wani fili a tsakiyar dajin Bama da aka sa wa suna Broadway. Igiyoyi sun tsinke a hanya, waɗanda suka isa suka yi ta karo da juna a kan ramukan da jan gungume ya bari. Da haka aka buɗe farmakin rundunar Chindit ta Janar Orde Wingate, kuma cikin wannan runduna akwai birged ta 3 ta Afirka ta Yamma, wato bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na rundunar Nijeriya, waɗanda aka kai su dajin ta sama daga baya. Hausa ce harshen bariki a wancan zamani. Barikin Chindit da ke Zariya daga nan ya samo sunansa, kamar yadda Dalet a Kaduna da Myohaung da Dodan a Legas duk sunayen wurare ne a Bama. Mun riƙe sunayen wuraren, sunayen mutanen fa? Kurtun da aka ɗauka daga wani ƙauyen Katsina ko Bauci, zazzaɓi ya kashe shi a sansanin horo a Indiya, ko mota ta kife da shi kafin ya ga Bajafane, wa ke kiran sunansa? A watan Afrilun 2021 ita kanta hukumar kaburburan ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu wa Birtaniya a Yaƙin Duniya na Farko, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu ko'ina ba, har ministan tsaro Ben Wallace ya nemi afuwa a majalisa. Daidaiton da na yaba ɗazu, a wancan yaƙin bai tsallako zuwa nahiyarmu ba.

Muna da namu Warnford ɗin na kusa. Ranar 26 ga Satumba, 1992, jirgin sojan sama ƙirar Hercules ya faɗi a fadamar Ejigbo 'yan mintoci bayan tashinsa daga Legas, ya kashe sama da mutum 150, yawancinsu hafsoshi ne ɗaliban kwalejin Jaji da ke dawowa daga ziyarar karatu. Ba a fagen fama suka mutu ba, a bakin aiki suka mutu. Duk 15 ga Janairu ana ajiye fure a Abuja da manyan biranen jihohi, a saki tantabaru, a ambaci 'yan mazan jiya a dunƙule. Ban raina wannan ba, sai dai ambato a dunƙule bai taɓa isa gidan kowa ba.

Ba gunki ko mutum-mutumi nake kira a kafa ba. Al'adarmu da addinin yawancinmu ba su tafi nan ba, mu da addu'a muke tuna mamaci. Amma addu'a ma da suna ake yin ta. Sunayen sojojinmu da suka mutu a Bama ba a ga gawarsu ba suna cikin kusan 27,000 da aka sassaƙa a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, kuma rajistar hukumar kaburburan tana intanet, kowa na iya dubawa kyauta. Ƙungiyoyin ci gaban gari da malaman tarihi na makarantunmu su ɗauki wannan aiki: a zauna da dattawan da suka rage, a tambayi wa da wa aka ɗauka soja a garin nan, wa ya dawo, wa bai dawo ba, a ina ya mutu, me ya kashe shi, a rubuta a littafi a ajiye a fadar hakimi ko dagaci. A sa wanda ya mutu a atisaye da wanda cuta ta kashe a shafi ɗaya da wanda harsashi ya samu. 'Ya'yan waɗanda suka je Bama su ne dattawan yau, kuma kullum raguwa suke yi, don haka a fara da su tun bana.